Hawan Dammugal da Suruki a Gaba

Asabar: Kazaure zuwa Jalingo

'Yan gurup, ga labarin da kuka dame ni da shi. Mai ƙaramin data ya nemi aro, don ba zan gajarta ba.

Ana kiran sallar farko na fito daga gida da jaka a baya kamar mai ƙaura. Hajiyarmu ta biyo ni har zaure da ledar dambun nama da ƙuli-ƙuli, tana cewa ita dai har yau ba ta gane abin da aka ajiye a saman dutse da babu shi a ƙasa ba. Na ce mata furojet ne. Mu 'yan ajin ƙarshe ne a sashen nazarin ƙasa, malaminmu Dakta Sale, mutumin Babura, shi ya haɗa mana tafiyar: mu je tsaunukan Mambila a Taraba, mu hau da ƙafa, mu kwana a tanti, mu haye wata mashiga tsakanin tsaunuka biyu mu sauka ta ɗaya ɓarin. Ajin gaba ɗaya aka yi wa tayi. Da aka ji ba mota a saman, mu biyar muka rage.

Cikin biyar ɗin akwai mutumina Buba, Bafulatanin Gwiwa, dogo siriri, ya ɗan girme mu. Ni kuwa sunana Gana, kakana Babarbare ne, don haka kun san tsakanina da Buba ba gaisuwa sai tsiya. In ce masa bawana, ya ce min bawansa, tun ajin farko muke haka.

To ga cakwakiyar. Saura sati biyu a tafi, manyan Buba suka je Babura neman auren Halima, aka ba su. Halima kuwa 'yar Dakta ce. Wato mutumin da jiya muke ce wa Sa tare, yau ya zama surukin Buba. A gidan su Buba ba a haɗa ido da suruki, ba a kama sunansa, kuma ko yunwa za ta kashe ka ba ka kai loma baki yana wurin. Buba ya so ya janye daga tafiyar. Na ce masa ya janye mana, Halima ta ji an ba ta rago mai tsoron dutse. Shi ya fara isa tasha ranar.

Daga Kazaure muka shiga Kano gari na wayewa, muka canja mota zuwa wata ƙaramar bas mai zuwa Jalingo. Kuɗin motar sai da ya sa na tuna da Hajiya. Dakta a gaba kusa da direba, Buba can ƙurya cikin jakunkuna, in ba ka sani ba sai ka ɗauka shi ma kaya ne. A Gombe muka tsaya cin abinci. Dakta ya shiga cikin shago, Buba ya ɓace. Na same shi a bayan wata tirela a tsugune da malmala biyu na tuwo yana aiki shap-shap kamar ana binsa. Na yi dariya har da riƙe ciki. A lokacin abin dariya ne.

Shingaye kam mun sha su, ba na iya ƙirgawa. A wani kusa da Numan jami'in ya leƙo ya ga tantuna da sanduna, ya tambayi inda muka nufa. Da direba ya ce yaran nan dutse za su hau, sai ya tambaya nawa za a biya mu. Na ce masa mu ne ma muka biya. Ya ɗaga mana hannu ya ce Allah ya ba mu lafiya.

Mun shiga Jalingo bayan isha, muka kwana a wani masauki kusa da tasha. Sauron garin kamar an gaya musu baƙi sun zo.

Lahadi: Jalingo zuwa Nguroje

Wannan ranar mota ce kawai. Bali, Serti, sai Mayo Selbe a gindin tsaunin. Daga nan titi ya fara naɗewa yana hawa, kwana bayan kwana, dutse a hannun dama, rami a hagu wanda ba ka ganin ƙarshensa. Direba ya kashe rediyo ya ce kowa ya karanta abin da ya iya. Shamsu, ɗan ajinmu na Roni, tun daga Kano yake cika mu da cewa su a kan duwatsu aka haife su, wannan wasan yara ne. A kwana ta uku na waiga na ga ya rufe ido yana jan carbi. Na ɗauke shi hoto, yana nan a wayata, mai so ya yi magana.

Muna ƙarasa hawa duniya ta canja. Kunnena ya toshe, ciyawa koriya shar har iya ganinka, shanu manya-manya a kan tudu, ga wani sanyi da ke shiga ƙashi da rana tsaka. A Nguroje muka sauka kai tsaye wurin masu gwanjo. Na sayi wata rigar sanyi ja mai kai min gwiwa, Buba ya ce na yi kama da buhun tattasai.

A nan muka haɗu da jagoranmu, Baffa Yuguda. Gajeren dattijo ne Bafulatanin can, da takalmin roba dogo da sanda, da samari biyu 'yan dako. Ya tara mu a ƙofar masallaci ya faɗi dokokinsa. Ya ce a saman, gajimare na saukowa ya haɗiye mutum cikin ƙiftawar ido, don haka ba wanda zai je inda idonsa ba ya kaiwa. Abinci ba ya shiga tanti saboda kwarkwasa. Mashigar da za mu haye su Dammugal suke ce mata, wato ƙofa, kuma shi kaɗai ne jagora, ba zai rabu biyu ba. In mutum ɗaya ya gaza, duka za mu juya.

Sai ya bi mu yana tambayar suna. Da na ce Gana, ya tsaya ya kalle ni sama da ƙasa.

"Ashe da bawa kuka zo min," in ji shi. "Da kun faɗa da ban ɗauko 'yan dako ba."

Na ce masa ya bari mu hau, zai ga wanda zai goya wani. Kowa ya yi dariya, har Dakta ya murmusa. Buba yana can bayan ginshiƙi yana karanta ƙasa.

Litinin: ranar farko da ƙafa

'Yan acaɓa suka kai mu ƙauyen ƙarshe, inda hanya ta ƙare a bakin wani rafi. Daga nan sai sawu. Baffa Yuguda a gaba, Dakta a bayansa, mu a tsakiya, Buba a ƙarshe. Hawan farko ba laifi, tudu ne mai ciyawa, kana hawa kana ganin wani a gabansa. Sabis ya ɗauke tun kafin hantsi. Na riƙa ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, har na haƙura.

Da azahar muka zauna aka jiƙa gari da ƙuli. Buba ya ce azumin Litinin yake. Nomal ne, muka ci abinmu.

Da yamma muka kafa tantuna a gefen wani ƙorama. Ni aka ɗora wa tukunya, wai na fi kowa surutu sai a ba ni aiki. Na dafa shinkafa da wake da mai da yaji, wallahi ta haɗu. A nan na gane matsalar. Wuta ɗaya ce, kowa ya zagaye ta saboda sanyi, gajimare ya sauko ba ka ganin taku goma. Ba bayan tirela, ba lungu, ba shago. Duk inda Buba ya juya, Dakta na nan.

Aka kira magariba. Ya juya baya ya kurɓi ruwa, ya jefa dabino uku, ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi. Mutumin da ya yini yana hawan dutse da jaka a baya. Dakta shi ma shayi kawai ya karɓa, ya ce shinkafar yamma ba ta yi masa daɗi a ciki.

Da muka shiga tanti na karya dokar Baffa, na zaro dambun Hajiya na tura wa Buba. Ya nuna min bangon tantin da yatsa. Na Dakta na jingine da namu, har tarinsa muna ji.

"Zai ji taunata," ya ce min a kunne.

Na ce masa dambu ne, ba ƙashi ba. Ya ɗebi kaɗan ya haɗiye ba tauna, ya kusa shaƙewa, ya danne tarin har hawaye suka fito. Ya maido min da ledar.

Talata: zuwa gindin Dammugal

Da safe aka yi shayi da burodi, Buba ya ce yau ramuwa yake. Na ja shi gefe na ce ramuwar me, kai da ko zazzaɓi bai taɓa sa ka sha azumi ba. Ya ce in fita harkarsa. Na ce masa ba harkarsa ba ce shi kaɗai, in ya faɗi mu duka za mu juya, kuma a gaban wa zai faɗin. Ya ce gara ya faɗi da a ce a Babura an ga yaron Gwiwa yana cusa shinkafa a gaban uban matarsa. Yana faɗa yana ɗaure igiyar takalmi, hannunsa na kuskure ramin.

Hanyar ranar ba sauƙi. Muka ratsa wani kurmi mai duhu, ƙasa na santsi, birai na ihu a sama. Muka fito muka kama wani hawa da sai ka sa hannu. Shamsu ya daina maganar Roni gaba ɗaya. Ni kaina numfashina kamar injin markaɗe.

Wajen la'asar na waiga ban ga Buba ba. Na koma baya kaɗan na same shi zaune a kan dutse, kai a tsakanin gwiwoyi. Ya ce tsakuwa ce ta shiga takalminsa. Leɓensa ya yi fari fat, idonsa na juyawa. Ayari ya tsaya. Dakta bai waigo ba, ya ɗaga kai yana kallon sama kamar mai duba hadari, ya ce, "Gana, duba min mutumin Gwiwa." Tun da aka yi baiko bai ƙara kama sunan Buba ba. Na ɗura wa mutumin Gwiwa ruwa da sukari a bayan jakata, ya miƙe da ƙyar, muka lallaɓa.

Muka yada zango a gindin Dammugal. Daga nan kana ganinta, wata 'yar tsaga can sama tsakanin ƙahonni biyu na dutse, gajimare na shiga ta cikinta yana fita. Kallonta kaɗai na sa cinya ciwo.

Na dafa taliya da kifin gwangwani. Buba ya sake yin dabinonsa. Da na je wanke kwanuka sai na ga ɗaya daga cikin 'yan dako da kwano biyu a gabansa. Na ce masa mutumina, wannan fa zalunci ne. Ya ce ba ruwansa, Alhaji, wato Dakta, ke miƙo masa nasa tun jiya, har burodin safe. Na waiga na kalli Dakta. Yana riƙe da kofin shayi da hannu biyu, ba kwano a gabansa.

Nan na gane ashe mayunwatana biyu ne. Ni duk tunanina yana kan Buba, na manta Dakta ma Bafulatani ne, digirinsa uku ba su cire masa wannan ba. Shi ma ba zai ci a gaban surukinsa ba. Kwana biyu suna zaune wuta ɗaya, kowa na gadin bakinsa.

Kafin a tashi daga gaban wuta Baffa Yuguda ya yi magana, yana kallon garwashi, bai kalli kowa ba. Ya ce gobe Dammugal ce, kuma ba ta karɓar mai wofin ciki. Duk wanda bai ga ya ci ya ƙoshi da safe ba, ba zai hau ba. In kuwa ɗaya bai hau ba, kowa ya san sauran. Shamsu ya kalle ni kamar zai yi kuka. Mun ci kwana biyu a mota, biyu a ƙafa, ga ƙofar muna gani da ido.

Na bi Baffa inda yake gyara igiyar tanti. Na ce masa ya san abin da ke faruwa, shi ne babba a nan, ya ba su umarni kawai kowa ya ɗauki kwano ya koma gefe. Ya girgiza kai.

"Ɗana, ni ma Bafulatani ne. In na ce wa mutum ɗauki ka ci, na gaya masa na ga yunwarsa ke nan. Gara in mare shi."

Ya ce shi ya sa ba wanda zai ɗauki kwano ya zagaya da kansa. Wanda ya fara tashi ya yi shelar cewa ciki ya fi ƙarfinsa. Na ce to yanzu shi ke nan, mu juya saboda kwanon taliya? Ya ce shi dai ya faɗi tasa.

Na koma na zauna ina lissafi. Duk wurin nan mutum ɗaya ne Bafulatani ba ya jin kunyarsa, kuma ba ya fushi da maganarsa, ko me ya faɗa. Babarbare. Matsalar ita ce Babarbaren ɗalibi ne, Bafulatanin kuma shi ne sufabaizan furojet ɗinsa. Shekara huɗu ban taɓa gwada wasan nan da Dakta ba, ko a mafarki. Amma na kalli tsagar nan ta sama na ce wallahi ba zan koma Kazaure in ce muku mun ga ƙofa mun juya ba.

Laraba: Dammugal

Bayan asuba na dafa shinkafa da wake tukunya fal, na zuba mai ba tausayi. Kowa ya zo ya zauna. Buba ya buɗe baki zai fara, na san wani azumin zai ƙirƙiro. Na riga shi. Na miƙe da jar rigata, na ɗauki ludayi na buga a murfin tukunya.

Na ce yau ubangida ne zai yi magana, bayi su saurara. Na ce kwana biyu ina haƙuri ina cin abinci Fulani na zaune suna kallon bakina, abin da kakana bai taɓa yarda da shi ba. Daga yau na raba garkena. Manyan shanu, wato Baffa Yuguda da Dakta, su ɗauki kwanonsu su koma bayan wancan dutsen. Ɗan maraƙi, wato Buba, ya koma bayan tanti. Kuma duk bawan da ya dawo min da ƙwayar shinkafa ɗaya, a kasuwar Nguroje zan sayar da shi.

Na cika kwano na je gaban Dakta na miƙa masa da hannu ɗaya, a tsaye.

Shamsu ya sunkuyar da kai. Buba ya zama dutse. Dakta ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar, ya kalle ni. A raina na ce Gana ka gama digiri a nan.

"Yuguda," in ji Dakta, "ka ga abin da sakaci ke jawowa? Wannan kakansa da ƙwaryar nono ɗaya kakana ya saye shi, har aka ba mu canji."

Baffa ya ce ai tsada ma aka yi.

Dakta ya karɓi kwanon ya miƙe. Ya ce zai tafi ne kawai don ba ya iya cin abinci yana kallon Babarbare, ƙwarewa yake yi. Suka zagaya bayan dutsen shi da Baffa, muna jiyo su suna ci gaba da yi min tsiya da Fulatanci.

Na ɗauki kwano na biyu na ja Buba bayan tanti. Ya zauna, ya kalli abincin, ya kalli dutsen. Tsakaninsu bai fi jifa ba, kuma safiyar shiru, cokali ya taɓa kwano sai an ji. Ya ce min ba zai iya ba. Wayoyin kowa sanyi ya kashe su tun jiya, tawa ce kawai da ɗan caji, na kashe ta na ɓoye a cikin safa don hoton saman Dammugal. Na zaro ta, na kunna wani kiɗan biki, na ƙure murya, na ajiye a kan jaka. Na ce wa Shamsu da sauran su tashi su taka. Da sassafe, a cikin raɓa, ƙarti uku na rawa a gindin dutse. Ni kuma na juya wa Buba baya.

Kafin kiɗan ya kai rabi na ji an taɓa min ƙafa da kwano. Wayam. Na ƙaro. Ya tashi da na biyun ma. Ana cikin na uku wayar ta mutu. Don haka masu cewa in turo hoton saman, babu. Cajin yana cikin Buba.

Baffa ya dawo da kwano biyu a wanke, ya leƙa na Buba, ya ɗauki sandarsa ya ce bismillah.

Kada ku ɗauka shinkafa ta gyara komai nan take. Mutumin da ya yi kwana biyu ba ci, kwano uku ba sa maida shi doki. Hawan kuma tsaye yake, duwatsu na zamewa a ƙarƙashin ƙafa, iska na ture ka gefe. Taku kaɗan sai ka tsaya ka nemi numfashi. Buba na bayana, ina jin hucinsa kamar zuga-zugi. Na ce ya ba ni jakarsa. Ya ce in na taɓa ta sai ya jefa ni ƙasa.

Sai na lura da wani abu. Duk lokacin da hucin Buba ya yi yawa, Dakta sai ya tsaya, ya ɗauko dutse a ƙasa ya fara mana lacca a kansa. Wannan kaza ne, ruwa ne ya cinye shi haka, ku taɓa ku ji. Bai taɓa waigowa ba, ko sau ɗaya. Sai numfashin baya ya daidaita, ya yar da dutsen mu ci gaba. Rannan mun sha laccar duwatsu fiye da ta zangon karatu guda, kuma duk dutsen iri ɗaya ne.

Kusa da ƙarshe akwai wani wuri da hanya ta matse, faɗinta bai fi tabarma ba, rami a gefe. Gajimare ya fara taruwa, Baffa ya ce a yi sauri. Nan ƙafar Buba ta ƙi. Ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya dafa ƙasa. Na tsuguna kusa da shi na ce masa ya tashi, saura ƙiris, ba zan bar dukiyata a kan dutse ba. Ya ce in yi shiru, bakina na ƙara masa jiri. Na miƙa masa sandata ta baya ba tare da na kalle shi ba. Ya ɗan jima, sannan na ji an kama. Haka muka bi wurin, ni a gaba ina ja, shi yana zagina a hankali, taku ɗaya, zagi ɗaya.

Sai kawai hawan ya ƙare. Iska ta buge mu a fuska, ƙasa ta buɗe a gabanmu, tsaunuka jere bayan jere har suka zama shuɗi, Baffa ya nuna ya ce daga can Kamaru ce. Gajimare a ƙarƙashinmu yake. Shamsu ya yi kabbara, ni kuwa na yi ihu na kira sunan unguwarmu, ban san dalili ba. Buba ya saki sandar tun kafin a gani, ya ƙarasa da ƙafarsa, jakarsa a bayansa, ya tsaya can gefe.

Dakta ya ƙirga mu da ido. Sannan ya juya yana kallon Kamaru, ya ce wa iska, "Mutanen Gwiwa suna da ƙafa."

Buba ya sunkuyar da kai ƙasa. Amma ni ina kusa, na ga kunnuwansa na motsi.

Alhamis da Juma'a: gangara

Gangara ta fi hawa cin gwiwa, a nan babban yatsana ya kumbura. Mun ƙara kwana ɗaya a tanti kusa da wata ruga, matan rugar suka kawo mana kindirmo mai kauri da sai ka sa cokali. Dokar raba garke ta zauna daram, ba sai na buga murfi ba. Ana sauke tukunya Dakta zai miƙe ya ce bari ya ba Babarbare wuri. Ranar Alhamis Buba ya ɗan gwada cewa yau fa azumin gaske zai yi. Na ce ban ba da izini ba.

Ranar Juma'a muka faɗo wani ƙauye da ke da 'yan acaɓa, muka koma Nguroje muka samu salla. Wurin sallama Baffa Yuguda ya riƙe hannuna ya ce wa Dakta in zai sayar da ni, shi yana so. Dakta ya ce ba zai cuce shi ba, cina ya fi aikina.

Komawa gida

Hanyar dawowa barci na yi, ban san sanda muka wuce Numan ba. A Gombe Dakta ya shiga shago, Buba ya nemi bayan tirelarsa. Mun iso Kazaure ranar Lahadi da la'asar. Dakta ya hau motar Babura, ya leƙo ta taga ya ce bawa ya kawo masa babi na uku ranar Laraba, kuma kada ya ga kuskure.

Ban wuce gida ba, sai da na raka Buba Gwiwa a kan acaɓa, don ƙafarsa ta fi tawa lalacewa. Innarsa na tsakar gida tana gyaran ƙwarya. Ba ta kalli ɗanta ba, ni ta yi wa sannu da hanya. Ta tambayi sanyi, ta tambayi shanun can, ta zagaya ta zagaya. Sai da Buba ya shiga ɗaki ta rage murya ta tambaye ni abin da ke ranta tun ranar da muka tafi.

"Yaron nan bai ba mu kunya a gaban mutanen Babura ba?"

Na ce mata Inna, dutsen da ya fi kowane tsawo ya haye shi da ƙafarsa da kayansa a baya. Kuma wallahi tun daga Kazaure har muka dawo, Dakta bai ga bakinsa ya motsa ba.

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwarya cike da fura da nono, ta ajiye a gabana, ta ce a ba bawan nan ya sha, da alama ya yi aiki.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Godiya ga Baffa Yuguda da samarinsa, da Dakta da bai kayar da ni ba tukuna, da Hajiya mai dambu. Biki bayan ƙaramar salla ne, duk kuna ciki. Buba ya riga ya ce ni ne babban aboki, kuma a kusa da tukunya za a ajiye ni.